Jagorar Duba Furotista a Maikuroskop da Rarrabe Su

Kusan duk wanda ya karanta ilmin halittu a babbar sakandare ya taɓa zana Amoeba da Paramecium da Euglena a littafinsa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin ɗayansu yana motsi. Malami ya kwafo daga littafi ya zana a allo, ɗalibi ya kwafa daga allo, aka ci jarrabawa, aka wuce, alhali kududdufin da ke bayan makarantar cike yake da su tun daga faɗuwar ruwan farko har zuwa kaka. Wannan jagora ta malamin da ke da maikuroskop ko da guda ɗaya ce, da ɗalibin da ya samu damar zama a gabanta.

Furotista halittu ne da ƙwayar jikinsu take da cibiya a killace cikin tantani, kamar yadda take a jikin mutum da na tsiro, amma su ba dabbobi ba ne, ba tsirrai ba ne, ba kuma dangin naman kaza ba ne. Cibiyar nan ce ta raba su da bakteriya, waɗanda ba su da ita. Mafi yawansu ƙwaya ɗaya tak ce, kuma a cikinta ake ci, ake numfashi, ake tafiya, ake hayayyafa. Wanda ya fara ba da labarinsu shi ne Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, wanda ya duba ruwan tafki da gilashin da ya goge da hannunsa a 1674. Bajamushe Ernst Haeckel ne ya raɗa musu sunan Protista a 1866, sannan a 1969 Ba'amurke Robert Whittaker ya ba su masarauta guda cikin masarautu biyar na halittu, tsarin da littattafan makarantunmu suke bi har yau.

Ɗebo ruwa

Rabin nasarar aikin yana ga inda aka ɗebo ruwan. Ruwan famfo ba shi da amfani saboda sinadarin kulorin da ake zuba masa, ruwa mai gudu kuma ba ya tara su da yawa. Abin nema shi ne ruwa kwantacce wanda ganye ya ruɓe a cikinsa: gefen kududdufi, ramin fadama, kwatarniyar da dabbobi suke sha, ko tsohuwar randar da ta yi kore. Kada a tsaya ga kwalba ɗaya. A ɗebi koren fatar da ke saman ruwa a kwalba ta farko, a matse jijiyoyin kainuwa ko a kankare bayan ganyen bado a ta biyu, a yago gansakuka mai santsi a ta uku, sannan a kwaso saman lakar ƙasa tare da ruɓaɓɓen ganye a ta huɗu. Kowane wuri da mazaunansa, domin masu koren launi suna bin haske a sama, masu rarrafe kuma suna kan laka. A rubuta wuri da rana a jikin kowace kwalba, a bar sarari a samanta saboda iska, kuma kada a rufe ta gam ko a ajiye ta cikin rana.

A ɗebi ruwan da ludayi mai doguwar mariƙa daga bakin gaɓa, kada a tura yara su shiga ciki. Irin wannan ruwa ne dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake zama, kuma ƙwayar cutar ta fata take shiga.

Idan rani ne kuma kududdufai sun ƙafe, ba a rasa mafita ba. A sami ingirici cikin tafin hannu, a tafasa shi a lita ɗaya ta ruwan rijiya kamar minti 10, a bar shi ya huce ya kwana biyu, sannan a zuba masa cokali ɗaya na busasshiyar lakar kududdufi, a rufe bakin kwalbar da ƙyalle don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Furotista da yawa sukan dunƙule su lulluɓe kansu da ɓawo mai tauri idan ruwa ya ƙare, su farfaɗo idan ya dawo. A kwanakin farko bakteriya ne za su yi fata a saman ruwan, kuma warin da za a ji alamar aiki na tafiya ne. Bayan su sai ƙananan furotista masu tafiya da zare kamar bulala, sai Colpoda mai siffar ƙoda, daga baya kuma manyan masu gashi idan akwai su a lakar. A riƙa dubawa duk bayan kwana biyu, domin mazauna kwalbar wannan mako ba su ne na makon gobe ba. Idan an ga sun fara raguwa, ƙwayar shinkafa biyu ko uku ta isa ta ciyar da su.

Haɗa gilashi da saita na'ura

A ɗiga ɗigo ɗaya kawai a tsakiyar gilashin gwaji mai tsafta, a tabbata akwai ɗan ɓarɓashin ganye ko laka a cikinsa, domin a nan suke taruwa kamar kaji a bakin rumbu. A jingina murfin gilashi a gefen ɗigon a karkace, a sauke shi a hankali da tsinken allura don kada iska ta maƙale. Idan ruwa ya yi yawa murfin zai yi iyo, sai a tsotse rarar da gefen takarda mai shan ruwa. Manya irin su Volvox da Stentor murfi yana iya murƙushe su, saboda haka a ɗan shafa basilin a kusurwoyinsa huɗu ya zama masa ƙafafu. A lokacin hunturu ɗigon yakan bushe cikin 'yan mintoci, sai a riƙa ƙara ruwan kwalbar ta gefen murfi.

Gilashin idon sama yawanci yana ninka girma sau 10, na ƙasa kuma sau 4 ko 10 ko 40 ko 100, jimillar kuwa ninka biyun ake yi. A fara da mafi ƙanƙanta, a kusanto da gilashin gwaji ana kallo ta gefe, sannan a sa ido a nesanta shi a hankali da babban mamurɗi har hoto ya fito. Idan an sami abin dubawa a kawo shi tsakiya kafin a juya zuwa ido na gaba, kuma da zarar an kai ga mai lamba 40, ƙaramin mamurɗi kaɗai za a taɓa.

Kuskuren da na fi gani wurin masu koyo shi ne buɗe haske gaba ɗaya. Jikin yawancin furotista garai-garai yake kamar ruwan da suke ciki, kuma haske mai yawa shafe su yake yi, har ɗalibi ya ɗaga kai ya ce babu komai alhali Amoeba tana tsakiyar fili. A rage ƙofar hasken da ke ƙarƙashin dandamali har filin ya ɗan yi duhu, sai gefunan jiki su bayyana. Na'urar da ke aiki da madubi a fuskantar da ita ga taga mai haske ko farin bango, kada a taɓa haska ta da ƙwayar rana domin tana iya lalata ido. Idan babu wuta, tocilar waya da aka rufa wa farar takarda tana wadatarwa.

Paramecium yakan ƙetare fili kafin a ƙifta ido. Hanya mafi sauƙi ta tsayar da shi ita ce a yayyaga 'yan zaren auduga a cikin ɗigon kafin a rufe, su zama masa shinge. Ɗan ruwan ƙaro mai kauri ma yana rage masa gudu, haka nan maganin metilselulos da ake sayarwa don wannan aiki.

Kafin a nemi suna, a auna girma. A ɗora rula mai garai-garai a ƙarƙashin ido mafi ƙanƙanta a ƙirga milimita nawa ne faɗin filin. A na'urori da yawa yakan kai kusan milimita 4.5 a ninki 40, wanda ke nufin 1.8 a ninki 100 da 0.45 a ninki 400, amma kowa ya auna tasa. Milimita ɗaya maikuromita 1,000 ce. Idan a ninki 100 aka ƙiyasta cewa halittu takwas a jere za su cika faɗin fili, tsawon kowace ya kama kusan maikuromita 225, wanda ya dace da Paramecium caudatum, ya kuma kore Chlamydomonas da ba ta wuce kamar maikuromita 10 ba.

Rarrabewa ta hanyar launi da tafiya

Tambaya ta farko ita ce launi: kore ne, ruwan zuma ne, ko ba shi da launi? Ta biyu ita ce tafiya, kuma a nan ake bukatar haƙuri, domin minti biyar a kan halitta ɗaya sun fi yawo a gilashi goma.

Masu ƙafar ƙarya su ne mafi wuyar gani da farko saboda sun yi kama da datti. Amoeba ba ta da siffa tsayayya. A zuba mata ido za a ga gefe ɗaya ya kumbura, sannan ƙananan tsabar cikinta su kwarara zuwa wurin kamar kunu a karkataccen faranti, har jikin duka ya bi. Da waɗannan ƙafafu take kewaye abinci ta haɗiye shi. Amoeba proteus ta littafi babba ce, tana kai rabin milimita, amma waɗanda aka fi samu a kududdufi ƙanana ne. Akwai kuma masu gida: Arcella tana cikin ƙoƙo ruwan ƙasa mai rami a tsakiya, Difflugia kuma tana manna tsabar yashi ta gina wa kanta abin da ya yi kama da ɗan tulu.

Masu gashi su ne suka fi ɗaukar hankalin aji. Jikin Paramecium kamar tafin silifa yake, lulluɓe da gajerun gasu masu kaɗawa bi da bi kamar iska a gonar shinkafa, kuma yana tafiya yana juyi. Idan ya ci karo da abu yakan ja da baya, ya ɗan karkata, ya sake gaba. A ninki 400 a nemi kwarin bakin da ke gefe ɗaya, da jakunkunan abinci da ke zagayawa a ciki, da jakunkuna biyu masu siffar tauraro, ɗaya a gaba ɗaya a baya, waɗanda suke cika su fashe a kai a kai. Aikinsu fitar da ruwan da ke kutsowa jiki ne, tunda cikin ƙwayar ya fi ruwan tafki gishiri, kuma idan aka ƙirga bugunsu a minti ɗaya sannan aka sa ɗan ruwan gishiri mai rauni ta gefen murfi, za a ga bugun ya ragu. Idan an ga biyu a haɗe, a lura da yadda suka haɗu: wanda ya tsuke a tsakiya kamar gyaɗa rabuwa biyu yake yi, waɗanda suka manne gefe da gefe kuwa musayar kayan gado suke yi. Vorticella kamar ƙararrawa take a kan siririn kara, kuma da an ɗan ƙwanƙwasa tebur sai karan ya nannaɗe nan take. Stentor kuwa kakaki ne sak, mai faɗin baki da siririn gindi. Wanda yake kusa da mayanka yana iya karɓo ruwan tumbin saniya ko akuya da ɗuminsa a filas, zai ga masu gashi irin su Entodinium cunkus a ɗigo ɗaya, sai dai da sun huce suke daina motsi.

Masu bulala suna tafiya da dogon zare ɗaya ko biyu ko fiye, wanda ba a cika ganinsa ba sai an rage haske sosai. Euglena koriya ce mai tsini a baya, da jan ɗigo a gaba wanda yake taimaka mata wajen bin haske, kuma idan ta tsaya takan kumbura ta miƙe ta sake siffa, domin ba ta da bango mai tauri. Ana yawan samunta a koren ruwan da kashin dabbobi ya gangara cikinsa. Chlamydomonas ƙarama ce, mulmulalla, mai bulala biyu da bango tsayayye. Volvox ƙwallo ce ta ɗaruruwa ko dubban ƙwayoyi masu mirginawa tare, da 'ya'yan ƙwallaye a cikinta.

Sai masu launin da ba sa iyo. Spirogyra zare ce ta ƙwayoyi a jere, kowace da koren ƙyalle a murɗe, kuma ita ce gansakukar da ke santsi a hannu. Diyatom launin zuma gare su, suna cikin akwati mai murfi na sinadarin silika, wato abin da ake yin gilashi da shi, wasu kamar kwalekwale suna silalewa a hankali. Akwatin ba ya ruɓewa. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi ƙasan tsohon babban tafki ne da ya ƙafe, shimfiɗe da ɓawon diyatom, kuma yana cikin manyan wuraren da ƙurar hunturu take tasowa, saboda haka wanda ya ajiye gilashi a waje cikin hazo ya duba ƙurar a ɗigon ruwa yana iya dacewa da gutsattsarinsu.

Rini yana zuwa ne a ƙarshe, domin yawancinsa kisa yake yi. A ɗiga ruwan aidin a gefe ɗaya na murfi, a sa takarda a ɗaya gefen ta jawo shi ciki. Yana fito da bulala da gashi, yana kuma mayar da sitaci shuɗi mai duhu. A nan akwai gwaji mai kyau: Chlamydomonas da Spirogyra za su nuna ɗigon sitaci, Euglena kuwa ba za ta nuna ba duk da korenta, saboda irin abincin da take ajiyewa, faramilon, ba ya amsa aidin. Shuɗin metilin mai rauni yana fito da cibiya.

Ba duk abin da ya motsa ne furotista ba. Rotifa tana da gashi mai juyawa a ka kamar Vorticella, amma dabba ce mai ƙwayoyi da yawa, kuma ana gane ta da muƙamuƙin da ke bugawa a cikinta da yatsun wutsiya. Siririyar tsutsa mai kaɗa jikinta duka kamar bulala ita ma dabba ce, haka nan Cyclops mai ido ɗaya, ƙwaron ruwan da yake ɗaukar kurkunu. Zaren da launinsa ya haɗa shuɗi da kore, ba a ganin cibiya ko wani tsari a cikinsa, yana kuma lilo a hankali, bakteriya ne. Danginsa ne matan Kanem suke tacewa daga tafkunan kanwa a Chadi su busar su yi miya da shi. Da'ira mai baƙin baki da farin ciki kuwa kumfar iska ce, kuma babu ajin da ba a taɓa zana ta an sa mata suna ba.

Inda tafiya take yaudara

Rabon da aka bi a sama, wanda littattafai suke tsarawa a matsayin masu kama da dabba, masu kama da tsiro da masu kama da funfuna, kayan aiki ne na mai kallo, kuma a ganina ya kamata a ci gaba da koyar da shi. Amma wajibi ne a gaya wa ɗalibi cewa kama da wane ba ta wane. Da masana suka fara kwatanta kayan gado na DNA, sai ta bayyana cewa furotista ba zuriya ɗaya ba ce, kuma Euglena ita ce ta daɗe tana tona asirin tsohon tsari, tunda masana tsirrai da masana dabbobi kowa ya sa ta a littafinsa.

A tsarin yanzu Euglena 'yar uwar Trypanosoma ce a rukunin Euglenozoa, wato koriyar kududdufi da ƙwayar da ƙudan tsando yake yaɗawa, mai jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, gida ɗaya suka fito. Paramecium da Plasmodium na zazzaɓin cizon sauro suna cikin Alveolata, kuma Plasmodium har yanzu yana ɗauke da ragowar jakar haɗa abinci da haske wadda ta daina wannan aiki, shaidar cewa kakanninsa da rana suke ci. Diyatom suna cikin Stramenopiles tare da manyan ciyayin teku masu launin ruwan ƙasa da kuma wasu da aka daɗe ana ɗauka funfuna ne, irin su Phytophthora infestans da ke ƙona dankalin Turawa, wadda ta jefa Ailan cikin yunwa daga 1845 kuma manoman Filato suka san ɓarnarta, da Sclerospora graminicola da ke mayar da zangarniyar gero ganye. Stramenopiles da Alveolata da wani rukuni mai suna Rhizaria su ake haɗawa a kira SAR, daga haruffan farko na sunayensu. Amoeba da Entamoeba mai zama a hanji suna cikin Amoebozoa, wadda ta fi kusa da dabbobi da naman kaza a kan kusancinta da Paramecium. Chlamydomonas da Volvox da Spirogyra kuwa suna ɓangaren tsirrai, Spirogyra ma tana cikin mafi kusanci da tsirran tudu. Shawarata ita ce ɗalibi ya ja layi biyu a littafinsa, ɗaya na abin da ido ya gani, ɗaya na dangantaka, kada ya cakuɗa su.

Masu jawo cuta

Waɗannan ba a neman su a kududdufi, kuma ba daidai ba ne a huda yatsan ɗalibai ko a kawo bayan gida aji, saboda haɗarin ciwon hanta da sauran cututtuka. A yi amfani da gilasan da aka riga aka rina aka like, ko a nemi izinin kai ɗalibai ɗakin gwaji na asibiti. Jini da rinin Giemsa ake duba shi a ninki 1,000, da ɗigon mai na musamman tsakanin ido da gilashi. Plasmodium falciparum yana bayyana kamar ɗan zobe shuɗi mai jan dutse a cikin jar ƙwayar jini, matakinsa da sauro ke ɗauka kuma kamar jinjirin wata yake. Likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ne ya fara ganin ƙwayar zazzaɓin a jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880. Trypanosoma yana tsakanin ƙwayoyin jini ne ba cikinsu ba, siriri mai lanƙwasa da tantani a gefe, kuma akwai cibiyar bincike a kansa a Kaduna. A gilashin bayan gida ƙirga cibiya ake yi: ƙullin Entamoeba histolytica mai jawo atuni yana da huɗu idan ya nuna, na Entamoeba coli marar cutarwa takwas. Ko a nan ido yana da iyaka, domin Entamoeba dispar marar lahani ba ta da bambancin siffa da mai cutar. Giardia, wadda ita ma a bayan gida ake ganinta, tana da cibiya biyu a jiki mai faɗin gaba da tsinin baya, har takan yi kamar fuska tana kallon mai kallonta.

Duk abin da aka gani a zana shi da fensir yana gaban ido, babba, da layi ɗaya marar inuwa, kuma kada a ƙara abin da ba a gani ba don kawai yana cikin littafi. A rubuta ninki, da ƙiyasin girma, da launi, da yadda yake tafiya, da kwalbar da ya fito. Kyamarar waya da aka daidaita a bakin idon sama tana ɗaukar bidiyo mai kyau, wanda za a iya tsayarwa a ƙirga abin da gudu ya ɓoye. Idan ba a tabbatar da suna ba a tsaya ga rukuni, a rubuta "mai gashi, siffar ƙoda, kusan maikuromita 60", domin ko ƙwararru sukan bukaci rini na musamman kafin su kai ga jinsi. Bayan an gama a wanke gilasai da sabulu a shanya, a zuba bilic a ragowar ruwan kwalabe kafin a zubar, a wanke hannu, a goge idanun na'ura da takardarsu ta musamman kawai, musamman mai lamba 100 idan ya taɓa mai, sannan a rufe ta da leda a mayar akwati, domin ƙurar hunturu tana karce gilashi, laimar damina kuma tana sa funfuna ta tsiro a cikinsa.